Na ɗora ƙarfe a sama, na bar murya a ƙasa

An haife ni a Tawa, a gidan da maza ba sa yin rani a cikinsa. Da an gama girbi an zuba dammunan hatsi a rumbu, sai mahaifinmu ya kama hanyar Abijan kamar sauran mazan Adar, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Wata shekarar ma ba ya dawowa sam. Shi ba ya rubutun boko, innarmu kuwa ba ta son ɗan lakwal ya zauna yana karanta mata sirrin ɗakinta. A wata dawowarsa, wajen ƙarshen shekarun 1970, ya zo da rikoda ƙirar National mai cin manyan pil, kuma tun daga ranar wasiƙar gidanmu ta koma kaset. Ya zauna a ɗakinsu na ƴan ci-rani ya danna maɓalli biyu, ya gaida kowa da sunansa har jaririn goye, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya ba mai zuwa gida. Inna ta saurara da dare, ta maimaita, sannan ta ɗauki amsa. Kaset yana da tsada, don haka sau da yawa a kan maganarsa take ɗora tata. Shi ya sa kaɗan ne suka rage.

Rikodar nan ce ta kai ni ga sana'a. Wata rana ta fara tauna zaren kaset, aka aike ni da ita wurin mai gyara a kasuwa. Ina tsaye ya buɗe ƙofar, ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a alkol, ya goge ƴar tayar robar da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe. Audugar ta fito ja kamar ƙasar jigawa. Ya sa wani kaset, murya ta fito tas. Bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Washegari na koma ba tare da an aike ni ba, na ci gaba da komawa har mahaifina ya je ya danƙa ni a hannunsa.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Shekara guda bai bar ni na taɓa ƙarfen dalma ba. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Kai yaro, ido tukuna, sai hanci, sai mita. Wuta ita ce ta ƙarshe." Ido yana ganin ƙananan sassan cikin inji, kondansater da ya kumbura ko rezistans da ya yi baƙi ko dalmar da ta tsage zobe a gindin ƙafa. Hanci yana bambanta warin taransfo da ya ƙone da warin fitsarin ɓera, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne. A hannunsa na koyi cewa tsoffin taransisto na jamaniyom, irin AC128 da ke cikin rediyoyin Turai, suna nuna bolt 0.2 zuwa 0.3 a mita, na'urarmu ta auna wuta, na silikon kuwa 0.6 zuwa 0.7, kuma wanda bai san wannan ba zai cire mai lafiya ya jefar. A hannunsa na koyi jan zaren allurar tasha, wanda ya fi kowane aiki cin rai: kafin ka cire tsohon zaren sai ka zana hanyarsa a takarda, zagaye nawa ya yi a sandar murɗawa, ta ina ya shiga dabaran, in ba haka ba ka kwana kana murɗa dama allura tana tafiya hagu. Rediyo a lokacin ba abin wasa ba ne. Dattijo zai kawo nasa da hantsi ya ce lalle kafin magariba, don kada labarun BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango mita 19 da 25 su wuce shi.

Bayan yunwar 1984 kasuwa ta mutu, wanda bai ci ba ba ya gyaran rediyo. Na bi sawun mahaifina zuwa Abijan, na samu wuri a unguwar Ajame wajen masu gyaran ampli, injin ƙara ƙarfin sauti. Can na fara ganin manyan kaya na zaman falo: Pioneer, Sansui, Marantz, Akai mai manyan faifan zare, Technics mai juya faifai. Can kuma na fara ƙona kayan mutane. Kayan gwanjo suna zuwa daga ko'ina, na cikin Japan bolt 100 yake ci, na Amurka 120, mu kuwa wutarmu 220 ce. Wasu suna da maɓallin zaɓe a baya, wasu babu, kuma daƙiƙa biyu sun isa. Ko ka sa masa taransfo mai rage wuta, saura wata: injin juya faifai na Amurka wanda motarsa ke bin bugun wuta an yi shi don 60 Hz, tamu 50 ce, sai ya riƙa juyi 28 a minti maimakon 33, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Ba lalacewa ba ce, ɗan dabaran da ke kan motar ne ake sauyawa. Rediyon cikin Japan kuma FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 yake, yawancin tashoshinmu suna sama da nan.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara suka ninka a dare ɗaya. Wannan ya koya mini ajiye gawa: duk rediyon da ya mutu murus ba na yar da shi, ina cire masa sassa. Da rikicin 2002 ya tashi a ƙasar, baƙo ya zama abin zargi, na tattara mita da ƙarfen dalma da akwati biyu na sassa na dawo. Ban koma Tawa ba, kunyar komawa hannu biyu ta hana ni. Na tsaya Yamai, na kama ƴar rumfa kusa da kasuwar Katako, na yi haya a unguwar Lamorde, a hayin kogi, inda ɗaki ke da sauƙi.

Shekarun farko an samu. Daga baya faifan CD ya zo, bai daɗe ba salula da katin memuwar suka share kowa. Ƙaramin rediyo ɗan Sin mai tocila da wurin sa kati ya fi kuɗin gyaran tsoho araha, in ya mutu a saya wani. Na kan yini ban ga jaka ɗaya ba. Abokan sana'a suka koma gyaran salula da telebijin, ni ma na taɓa, amma zuciyata ba ta can. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin inda tsoffin kayan suke ƙarewa. Yara masu kura suna bin unguwanni suna sayen su da kilo, a kawo Katako a fasa da guduma, jan ƙarfen taransfo gefe, alminiyon da ke sanyaya taransisto gefe, a narka a yi tukunya. Na ga ampli wanda a Abijan sai babban ma'aikaci yake iya saye ya zama murfin tukunya. Sai na fara tare su kafin guduma. Ina biyan abin da ya ɗara kuɗin kilo kaɗan, ina kaiwa gida. Uwargida ta yi magana har ta gaji. Ta kan ce, "Malam, wannan ƙarafan su za mu dafa?" Gaskiyarta ce, akwai watan da kuɗin haya ya tafi a kan wani rediyo Grundig Satellit.

Cikin shekaru goma sha na tara abin da ya haura saba'in, manya da ƙanana, kuma na san abin da ke kashe su a ƙasarmu. Ba tsufa ba ne. Na farko zafi. Kondansater mai ruwa a ciki yana bushewa, kuma ƙa'idar masu ƙera shi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Ka tuna watan Afrilu a Yamai, digiri 45 a inuwa, ɗakin kwano, ampli a cikin kabad an rufe shi da ƙyallen ado. Alamarsa gurnani a lasifika ko da murya tana ƙasa, ko kuma ƙasan sauti ya ɓace. In zan sauya, ina sa mai ƙarfin mikrofarad daidai da na da, bolt daidai ko sama, kuma mai jure digiri 105 ba mai 85 ba, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi, don wanda aka juya fashewa yake. Na biyu ƙurar hunturu, mai shiga maɓallin murya ya riƙa ƙarar-ƙarar in an murɗa. Maganinsa feshin wanke maɓalli kaɗan a cikin ramin, a murɗa sau talatin. Masu zuba man inji ko kananzir suna kashe shi ne a hankali. Na uku masu rai: kyankyaso a ƙarƙashin falaket, allon da aka dasa sassa a kansa, ɓera mai cin waya, zanzaro mai gina ɗaki a cikin bafil, akwatin lasifika, gara mai cinye akwatin katako ta bar fenti kawai. Na huɗu pil da aka manta a ciki har ya zubar. In alkalin ne, farin garin da ya bari da binegar ake goge shi, in na talakawa ne mai gawayi da bikarbonat, sannan a bi da ruwa kaɗan a busar. Na biyar hannun mutum: a ɗaure fizibil, ɗan zaren da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, da waya ko takardar sigari, a juya jan waya da baƙi a kan batirin mota ko na sola, a bar ampli a jone lokacin da wuta ta ɗauke har ta dawo da ƙarfi ko aka tada gurup, wato janareta.

Rikoda kuwa ciwonta roba. Kurwa, zoben robar da ke juya injin, sunan da muka aro daga makanikai, takan saki ko ta narke ta zama kwalta. Sai an wanke duk dabaran da alkol kafin a sa sabuwa. Aunawa da zare ake yi: ka bi hanyar kurwar da shi, ka rage kamar kashi biyar cikin ɗari. In ta yi sako-sako murya tana rawa, in ta yi tsauri tana cin bakin mota. Na sha yanka robar cikin tayar babur saboda babu, kuma ina faɗa wa mai kaya gaskiya, za ta juya amma kaurinta ba daidai ba ne, wanda ya san waƙar zai ji tana lilo. Gudun zaren kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa tun da Philips ya fito da shi a 1963, kuma a bayan yawancin motocin akwai ɗan rami da ake daidaita shi da siririn sukuddireba.

Ban da injuna, ina da wani akwatin ƙarfe irin na ƴan ci-rani. A ciki akwai kaset goma sha ɗaya na gidanmu, wanda na kwaso daga Tawa bayan rasuwar inna, goma muryar mahaifina, ɗaya tata. Akwai kuma wajen arba'in na mutane, wanda suka kawo a gyara ko a ajiye: tafsirin wani malamin ƙauye da ya rasu, kiɗan biki, wasiƙun ƴan Libiya. Kullum ina cewa zan kwafe su a kwamfuta in na samu sarari. Na yi wa injuna kanta hawa huɗu da katako mai kyau. Akwatin kuwa yana ƙarƙashin gado, saboda nauyi, kuma saboda ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙo.

Damanar 2020 kogin Isa, wato Kwara, ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Tun ƙarshen Agusta muke kwana da ido ɗaya, matasa suna jera buhunan yashi. A farkon Satumba ruwa ya ci ƙarfin shingen, ya shigo unguwa cikin dare. Ba da gudu ya zo ba, tasowa ya yi ta yi, daga idon sawu zuwa gwiwa kafin mu gama tada yara. Na ɗauki ƙaramin a wuya, uwargida ta ɗauki takardu da tabarma, muka fita zuwa tudu, daga baya aka sauke mu a wata makaranta. Alhamdu lillahi ba mu rasa rai ba, kuma gidan na siminti ne bai faɗi ba, na maƙwabta na laka sun narke kamar sukari. Kwana tara kafin na iya shiga. Ruwan ya kai hawa na uku na kantar.

Wanda ruwa ya ci wa kayan sauti, ga abin da na gani da hannuna. Ruwa shi kaɗai ba ya kashe falaket. Abin da ke kashewa laka ce in ta bushe a ciki, da tsatsa, da wuta in an jona kafin lokaci. Don haka abin da ya jiƙe, ƙara jiƙa shi ake yi. Na buɗe kowanne, na cire pil, na cire lasifika da allurar ma'aunin sauti da motoci, na wanke laka da ruwan famfo da burushin fenti mai laushi, na ɗauraye da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba. Bayan nan alkol mai digiri 90 na farmasi a cikin maɓallai da soket, don ya kori ruwan da ya maƙale. Busarwa a inuwa, a jingine, fanka tana kaɗawa. Ranar Yamai tana lanƙwasa roba ta ɓata gilashin tasha. Ƙananan gwangwanayen nan masu dunƙulen ferit a ciki, na 455 kHz da na 10.7 MHz, suna riƙe ruwa kwanaki, a juya falaket ƙasa su tsiyaye, kuma kada a murɗa su, wanda ya murɗa ba tare da na'urar saiti ba ya ɓatar da tasha ke nan. Tet na rikoda, ɗan kan ƙarfen da ke karanta zare, da sandar jan zare a goge su nan take a shafa musu alkol, su ne ke fara tsatsa, kuma sandar da ta yi tsatsa ta gama aiki. Lasifika masu takarda yawancinsu sun tafi, ko takardar ta bushe, lakar da ta shiga tsakanin maganaɗisu da naɗin waya tana sa shi gurzawa.

Taransfo shi ne mai wuyar sha'ani. Waje ya bushe, ciki takarda ce da naɗin waya, tana iya riƙe damshi mako uku. Na san wannan sarai. Na san kuma fitilar gwaji: kwan fitila irin na da mai zare, wat 60 ga ƙaramin kaya, wat 100 ga babban ampli, a jera shi a kan waya ɗaya tsakanin bango da injin. In lafiya, ya yi haske ya dushe. In akwai gajeriyar hanya a ciki, ya tsaya da haske, shi ya sha wutar maimakon injin. Shekara talatin ina koya wa yara wannan. Amma a rana ta huɗu, ba kuɗi, yara suna kwana a aji, wani ya ce zai sayi babban Sansui ɗina in yana aiki. Fitilar gwajin tawa ta fashe a ruwan, irin kwan nan kuma ya yi wuya a kasuwa yanzu, na zamani ba ya wannan aikin. Na taɓa taransfon na ji shi a bushe, na ce bismillah na jona kai tsaye. Ya yi wata ƙara ƙasa-ƙasa, warin da na sani tun ina yaro ya tashi. Na zare, amma an gama. Na zauna a bakin ƙofa ina jin muryar maigidana, wuta ita ce ta ƙarshe. Sauran na bar su mako uku cur, na auna tsakanin naɗin farko da jikin ƙarfen sai mita ta nuna babu hanya, sannan fitila, sannan in ampli ne na bar shi minti goma ba lasifika, murya a ƙasa, na auna bakin fitar sauti. Ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ya kai bolt guda ko fiye kada a kusantar da lasifika, zai gasa ta. Da wannan haƙurin, fiye da rabin abin da ruwa ya rufe ya tashi.

Duk wannan hidimar ta ɗauke ni mako biyu ban buɗe akwatin ƙarfen ba. Na ja shi waje na bar shi a rana, a raina kaset roba ce, za ta jira. Wannan shi ne kuskuren da ya fi na Sansui nesa ba kusa ba. Ranar da na ɗaga murfin, laka ta bushe ta zama kamar siminti a cikin kowane kaset, funfuna ta yi fari a gefen zaren, zafin akwatin ya dafa su.

Abin da ya kamata na yi, wanda na yi wa kaɗan da suka rage da damshi a ƙasan akwatin kuma ya yi aiki, shi ne wannan. Zaren kaset na talakawa, mai ruwan ƙasa, yana jure ruwa kwanaki in bai bushe da datti ba. A bar shi a jiƙe cikin ruwa mai tsabta har a kai gare shi. A kwance ƙusoshi biyar na gidan, in na manne ne a tsaga gefen da wuƙa a hankali. A ɗauke naɗin zaren gaba ɗaya ba tare da ya warware ba, a ɗauraye da tataccen ruwa sau uku ko huɗu, a tsayar da shi a gefe a inuwa gaban fanka kwana biyu zuwa uku. Ba rana, ba wuta. Sannan a sa shi a sabon gida mai sabbin takardun santsi da sabon ɗan audugan da ke tura zare ga tet. A juya da biron Bic daga farko har ƙarshe, a hankali, ana goge funfuna da ƙyalle marar gashi, da takunkumi a hanci. In ya tsinke, a haɗa ta bayan zaren, ba fuskar da ke gogar tet ba, da salatif na wannan aikin, don na kanti yana zubar da danƙo ya manne zagaye goma. A karya ɗan haƙorin da ke saman kaset kafin a sa shi a inji, kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli. Irin C120 ya fi kowanne wahala saboda sirantarsa, C60 ya fi jurewa.

A cikin goma na mahaifina, huɗu sun dawo. Na inna yana cikin na sama, wanda rana ta fi duka. Na jiƙa shi kwana biyu ko zai saki. Da na fara juyawa da biro, sai na ga ruwan ƙasan yana zama a bayan zagayen da ke ƙasa, abin da ke fitowa a hannuna roba ce fara, ana ganin yatsa ta cikinta. Maganar tana ɓarewa ina kallo. Na tsaya, na ƙara jiƙawa, na sake gwadawa bayan kwana uku, haka. Can kusa da tsakiya, inda naɗin ya matse laka ba ta shiga ba, na samu abin da bai kai minti shida ba. Tana ba mahaifina labarin akuyar da ta haihu, tana cewa a gaida mutanen ɗakinsu, sai ta kira ni da sunan da ita kaɗai take kirana ta ce in zo in gaida baba. Ba a ji ni ba, wurin ya goge. Ban yi kuka a gaban ruwa ba, ban yi a gaban Sansui ba, a nan na yi.

Saura amanar mutane. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi wanke laka nauyi. Akwai wata tsohuwa a Gamkalle da ta ba ni kaset biyu na ɗanta da ya tafi Libiya bai dawo ba. Na durƙusa na ce, "Inna, na zo da magana marar daɗi. Ɗaya na samu, ɗaya ya lalace a hannuna, kuma sakacina ne, ba ruwa kaɗai ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, sa mini wanda ya ragu." Na sa mata a ƴar rikodar da na zo da ita. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, da zan tafi ta ce in sa mata shi a salular jikarta. Wasu ba su yi mini wannan sauƙin ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata uku ban iya zama a rumfa ba. In na ɗauki ƙarfen dalma sai in ajiye. Uwargida, wadda ta fi kowa ƙin ƙarafan nan, ita ta ce, "Malam, tashi ka sayar da abin da ya tashi, mu bar bakin ruwa." Na sayar da kusan duka. Akwai masu nema yanzu, ƴan ƙasar waje da matasan da suka gano daɗin faifai, kuma Technics ɗaya ya biya mana hayar wata shida. Da sauran na sayi tsohuwar kwamfuta da ƴar na'urar shigar da sauti. Muka koma unguwar Lazare, kan tudu.

Yau aikina kwafe kaset da faifai, gyaran injuna kuma don su yi wannan aikin ne. Na riƙe dek, injin kaset, biyu masu kyau da injin faifai ɗaya. Kafin kowane kaset ina goge tet da tayar roba, sannan in daidaita ƙusar da ke karkata tet ga wannan kaset ɗin kansa, don kowace rikodar ƙauye da irin karkatar da ta yi ɗauka da ita: a haɗa sauti ya zama hanya ɗaya, a murɗa kaɗan-kaɗan da sukuddireba marar maganaɗisu har sin da shin su fito sarai. Kunnena ya fara rage jin saman sauti, shekaru da bafil sun ci rabonsu, don haka yaron shagona ne ke saurare ni ina murɗawa. Ina ɗauka ta wayar fitar sauti, ba ta lasifika ba, a 48 kHz, in ajiye babban fayil ɗin yadda yake ba tare da na share shuuu ɗin ba, in yi wa mai kaya ƙarami na salula. Kwafi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gidan ƙanena a Tawa. Faifan roba ina wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun kwano, in jera shi a tsaye, nesa da rana. Na garmaho mai juyi 78 kuwa alkol narka shi yake yi, ba ya son jiƙo, kuma allurarsa daban ce, ta fi ta sauran kauri. Wanda ya sa masa siririyar allura zai ji tsaki ya fi waƙa yawa.

Kantar shagon hawa huɗu ce kamar ta da. Kaset suna hawa na sama, a tsaye cikin gidajensu, nesa da maganaɗisun lasifika, kowanne da takardar mai shi da ranar da ya shigo, kuma ba na barin ɗaya ya wuce kwana bakwai ban kwafe shi ba. Gawar Sansui tana ƙasa, na cire mata taransisto da maɓallai na gyara wasu da su. Makon jiya wani direba ya kawo mini leda cike daga Illela, goma sha huɗu, wasu an rubuta shekara a jikinsu da jan biro, wasu babu komai. Uku sun tsinke, ɗaya audugansa ya faɗi. Na gama tara.